Kogin Platte na Amurka: faɗi ba zurfi, me ake yi da shi?

Tambaya: Malam, ɗana ya samu gurbin karatu a garin Kearney da ke jihar Nebraska a Amurka. Ya turo mini hoton kogin da ke gefen garin, sai na ga yashi ya fi ruwan yawa, amma ya ce mutane na zuwa shaƙatawa a wurin. Wannan kogi ne kuwa, ko ƙafewa ya yi? Kuma babu haɗari? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi ilimi mai amfani. Kogin da kika gani sunansa Platte, kuma bai ƙafe ba, haka Allah ya yi shi. Faransawa ne suka raɗa masa wannan suna, ma'anarsa shimfiɗaɗɗe, kuma ita kanta kalmar Nebraska daga harshen mutanen asalin yankin ta fito, tana nufin shimfiɗaɗɗen ruwa.

Ruwansa daga dusar ƙanƙara yake, wadda ke narkewa a kan duwatsun Rocky. Rassa biyu ne ke gangarowa da shi, na arewa ta jihar Wyoming, na kudu ta birnin Denver, su haɗu kusa da garin North Platte. Daga nan sai ya miƙa gabas wajen kilomita 500 cikin sararin ciyawa da gonakin masara, har ya faɗa kogin Missouri a kudu da Omaha. Yashin da yake ɗaukowa ya fi ƙarfinsa, sai ya riƙa zubar da shi a hanya, ruwan ya rarrabu ƙanana-ƙanana, ya haɗe, ya sake rabuwa kamar kitso. Duk wanda ya san gulaben Sakkwato da Katsina da rani zai gane kamannin.

Wannan rashin zurfi shi ne arzikinsa. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Afrilu, tsuntsaye dangin gauraka, masu launin toka da jan goshi, sama da dubu 500 suna sauka a tsakanin Lexington da Grand Island, Kearney kuwa tana tsakiya. Da rana suna gonaki suna tsintar masarar da ta zube lokacin girbi, su yi ƙiba kafin su wuce Kanada da Alaska, wasu har Saiberiya. Da magariba sai su dawo rukuni-rukuni, su tsaya cikin ruwan da bai rufe musu ƙafa ba, su kwana a tsaye, don duk dabbar da ta nufo su sai sun ji motsin ruwa. Kukansu kuwa, mutum biyu na tsaye kusa da juna sai sun ɗaga murya. Ki ce masa kada watan Maris ya wuce shi. Akwai wurin kallo mai suna Rowe Sanctuary kusa da Gibbon, inda ake shiga rumfa tun kafin asuba a zauna shiru, amma sai an kama wuri da wuri. Ya sa kayan sanyi masu kauri, iskar wurin ba ta wasa.

Abin da ke damuna shi ne kogin ya tsuke ƙwarai. Madatsun ruwa, irin su Kingsley da aka kammala a 1941, da noman ban-ruwa sun rage ambaliyar da ke share tsibiran yashi, sai itatuwa suka mamaye su. Yanzu da tarakta ake nome wasu tsibiran domin tsuntsayen su sami wurin kwana.

In zafi ya shigo, sai harkar ta koma ta mutane. Ana tuƙa ƙaramin kwale-kwale, ana kama tarwaɗa da fatsa, a can gangaren kogin kuma akwai jiragen ruwa masu ƙatuwar fanka a baya da ke sulalawa kan ruwa kaɗan. A rassansa irin su Loup, har cikin babban kwamin shayar da shanu mutane ke zama, ruwa ya tafi da su a hankali. Mai son iyo sosai, tafkin McConaughy da ke bayan madatsar Kingsley ya fi masa.

Batun haɗari kuwa, akwai shi, kuma abin da ke ruɗin mutane shi ne ganin ruwan iya idon sawu. Taku biyu gaba sai a rufta ramin da ya shanye mutum, domin yashin na sauya wuri kullum, inda aka taka bara ba shi ne na bana ba. Kada ya shiga shi kaɗai, kada ya hau kwale-kwale ba rigar da ke hana nutsewa, ko da ya iya ruwa. Sannan a dokar Nebraska ruwan na kowa ne, amma gaɓa da tsibiran yashi galibi na masu gonakin da ke gefe ne. Ya shiga ta inda hukuma ta ware, in kuma zai sauka a wani tsibiri, ya nemi izinin mai wurin tukuna.