Tambayoyinku: Fasfon Hajiya Saura Wata Huɗu, Tafiya Saura Mako Shida

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa, kuma wani asibiti a birnin Alƙahira ya ba mu ranar da za a yi mata aiki nan da mako shida. Da na ɗauko fasfo ɗinta sai na ga saura wata huɗu ya ƙare. Wani ɗan'uwanmu ya ce mu tafi da shi haka tunda bai mutu ba, wani ejan kuma ya ce in ɗora masa naira dubu saba'in a kan kuɗin gwamnati, zai fito mana da sabo cikin kwana uku. Na kuma lura cewa a fasfon an rubuta sunanta Aishatu, a takardar NIN kuwa Aisha. Wace hanya zan bi? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya saka maka da alheri bisa wannan ɗawainiya.

Shawarar ɗan'uwan naku ba za ta fisshe ku ba. Masar, kamar Saudiyya da Hadaddiyar Daular Larabawa da Indiya, tana buƙatar fasfon baƙo ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Fasfon da ya rage masa wata huɗu yana da rai a wurin Najeriya, amma a ofishin jakadancin da za ka nemi biza tamkar matacce ne, kuma ko da an yi sa'a an wuce nan, ma'aikatan kamfanin jirgi suna duba wannan kwanan wata kafin su ba mutum katin shiga jirgi, domin idan aka mayar da fasinja daga can kamfanin ne ke ɗaukar nauyin dawo da shi. Saboda haka sabuntawa ta zama dole, kuma Hukumar Kula da Shige da Fice tana karɓar fasfon da ya rage masa ƙasa da wata shida, ba sai an jira ya ƙare ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka shi ne abin da ka ambata daga ƙarshe kamar ba wani abu ba ne, wato bambancin Aishatu da Aisha. A gida sunan ɗaya ne, babu wanda zai yi gardama a kai, amma kwamfuta ba ta san haka ba. Tun da aka ɗaure neman fasfo da lambar NIN, tsarin hukumar yana janyo sunan mutum da ranar haihuwarsa kai tsaye daga rumbun NIMC, hukumar da ke bayar da lambar NIN, ya kuma gwada su da abin da ke cikin tsohon fasfo. Idan harafi biyu kacal suka saɓa, takardun sai su tsaya wuri ɗaya, mai nema yana gida yana lissafin kwanaki, yana zaton layi ne bai zo kansa ba. Wannan matsala ta fi cin mutanenmu saboda yadda ake rubuta sunayenmu: mutum ɗaya ya zama Muhammad a makaranta, Mohammed a banki, Muhammadu a katin zaɓe, wani kuma sunan mahaifinsa ne a gurbin sunan iyali a wata takarda, a wata kuwa sunan garinsu. Iyayenmu tsofaffi suna da ƙarin tasu, domin da yawansu ƙiyasta musu shekaru aka yi, ma'aikacin rajista ya rubuta 1 ga Janairu ya zaɓi shekarar da ta yi masa daidai da fuskar da ke gabansa, wani ma'aikacin a wani ofishi ya zaɓi wata shekarar daban. Don haka kafin ka biya ko kwabo, shimfiɗa fasfon da takardar NIN gefe da gefe, ka bi su harafi bayan harafi: jerin sunayen, ranar haihuwa, wata da shekara.

Idan sunan ne kaɗai ya saɓa, shawarata ita ce ka gyara NIN ya dace da fasfon. Sauya bayanan da ke cikin fasfo aiki ne mai zaman kansa, wanda ke neman takardar rantsuwa ta kotu da sanarwa a jarida da amincewar manya, kuma mako shida ba zai wadatar da shi ba. Gyaran suna a NIMC ya fi sauƙi, ana biyan kuɗinsa a hukumance, ana iya nemansa ta shafinsu na intanet, sai dai gyaran ba ya bayyana nan take, shi ya sa ya kamata ka fara da shi gobe da safe.

Da zarar bayanan sun daidaita, sai ka cike takardar neman sabuntawa a shafin intanet na hukumar shige da fice, wanda tun watan Janairun 2024 mai nema ke ɗora hotonsa da takardunsa da kansa a ciki. A nan za ka biya kuɗi, ka zaɓi ofishi da ranar da za a ɗauki hoto da zanen yatsu. Daga 1 ga Satumba 2025, fasfo mai shafi 32 na shekara biyar naira dubu 100 ne, mai shafi 64 na shekara goma kuma naira dubu 200. Ga dattijuwar da ba 'yar kasuwa mai yawan tafiye-tafiye ba ce, mai shafi 32 ya isa, ragowar kuɗin kuma za ku buƙace su a asibiti. Idan a shagon intanet za a cike maka, zauna kusa da mai bugawa ka karanta kowane layi kafin ya tura, ka kuma tabbatar lambar waya da adireshin imel naka aka sa, ba na mai shagon ba. Ba tilas ba ne ka zaɓi ofishin da ya fi kusa da gida; duba ranakun da ke buɗe a ofisoshin jihohin da ke maƙwabtaka da ku, ka ɗauki wanda ya fi kusa a lokaci, muddin jikin Hajiya zai jure tafiyar mota.

Ranar ɗaukar hoto dole ta je da kanta, babu mai wakiltarta. Ku tafi da tsohon fasfon, da takardar NIN, da rasit, da takardar da ta nuna ranar da aka ba ku. Ku nemi keken guragu tun daga gida saboda tsayuwa, kuma a bar ƙunshi sai bayan an gama, domin lalle mai duhu a kan yatsun tsofaffi, waɗanda dama zanensu ya fara shafewa, kan sa na'ura ta yi ta ƙin karɓa. A wannan rana ce kuma za ka miƙa wasiƙa zuwa ga shugaban ofishin fasfo, ka bayyana cewa tafiyar ta jinya ce, ka haɗa da takardar asibitin Alƙahira mai ɗauke da ranar aiki da rahoton likitanta na gida. Wannan halattacciyar hanya ce ta neman a hanzarta, ba ta da kuɗi, kuma ko da ba ta zama alkawari ba, takarda ce da ke shiga fayil, wadda za ka iya komawa ka yi magana a kanta.

Game da ejan, tambayar da zan so ka yi masa ita ce: a cikin matakan nan wanne ne zai tsallake maka? Ba zai gyara NIN ba, ba zai ba da yatsunsa a madadin na Hajiya ba, kuma ba shi ke buga fasfo ba. Abin da kawai zai yi shi ne cike takardar da kai ma za ka iya cikewa, sau da yawa cikin gaggawa da kuskure, a nan ne kuma sauri kan haifi nawa. Kuɗin da ba shi da rasit ba shi da wurin kai ƙara. Ma'aunin da ma'aikatar harkokin cikin gida ta sanar a 2021 shi ne mako shida ga sabon fasfo, mako uku ga sabuntawa, ana lissafawa daga ranar ɗaukar hoto. Da shi za ka yi lissafinka, idan ya fito kafin nan sai ka gode wa Allah.

Lissafin kuwa a matse yake, gara in faɗa maka gaskiya. Biza ana ba da ita ne a kan lambar sabon fasfo, saboda haka ba za ka nema a ofishin jakadancin Masar da ke Abuja ba sai fasfon ya zo hannu. Idan gyaran NIN ya ci mako ɗaya ko biyu, fasfo ya ci uku, abin da ya rage wa biza kaɗan ne ƙwarai. Rubuta wa asibitin tun yanzu ka tambaye su ko za su iya ɗaga ranar da mako biyu idan buƙata ta taso, kuma kada ka sayi tikitin da ba a iya sauya masa rana sai biza ta fito. Ka kuma buɗe naka fasfon a daren yau ka duba kwanan watansa da sunanka, domin wasiƙarka ba ta ce komai a kansa ba, alhali kai ne ɗan rakiya.