CRP ya hau bayan mura: sai na sha antibiyotik?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Tun shigowar hunturu nake fama da mura, tari da kaikayin maƙogwaro, da ɗan zafin jiki da dare. A kwana na uku na yi awon jini, takarda ta nuna CRP 28, har an ja masa layi. Maƙwabciyata ta ce cuta ta shiga jinina, in sayi amoksisilin. In saya, ko in sake awon tukuna?
Daga wata mai karatu a unguwar Birni, Damagaram

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Kada ki saya tukuna. CRP 28 a kwana na uku na mura abu ne da aka saba gani.

CRP wani sinadari ne da hanta ke zubawa cikin jini duk lokacin da jiki ya shiga yaƙi da wani abu. Tun 1930 aka gano shi a Amurka, a jinin masu ciwon huhu. A mai lafiya bai cika wuce miligiram 5 a kowace lita ba. Idan ciwo ya kama, yana fara hawa cikin awa 6 zuwa 8, ya kai ƙololuwa wajen kwana biyu, in abin ya lafa kuma rabinsa kan tafi cikin awa 19. Ke nan an ɗebi jininki daidai lokacin da yake sama. Sai dai shi kamar hayaƙi ne: zai nuna miki akwai wuta, ba zai faɗa miki wanda ya kunna ta ba. Birus na mura yana ɗaga shi, bakteriya ma haka, ƙurji ko ciwon haƙori ma haka.

Girman lambar ne ke ba da ɗan haske. A ƙa'idar da likitocin Ingila suka fitar a 2014 kan manya masu tari, ƙasa da 20 ba a cika ba da antibiyotik ba, sama da 100 a bayar, tsakanin 20 da 100 kuwa a jira a ga yadda jiki zai yi. Naki yana can ƙasa-ƙasa a wannan tsakiyar. Amoksisilin kuwa ba ya taɓa birus ko kaɗan. Abin da za ki samu shi ne asarar kuɗi, wataƙila da zawo, ga kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani.

Abin da na fi so ki duba shi ne ko an yi miki awon masassarar cizon sauro. Ita ma tana ɗaga CRP, wani lokaci sosai, kuma a nan ƙasarmu duk zafin jiki sai an kawar da ita kafin a ce mura ce kawai, ko da damina ta wuce.

Sauran lambobin takardar ba sai na tsawaita ba. VS, wato awon saurin kwanciyar jajayen ƙwayoyin jini, yana jinkirin hawa, yana jinkirin sauka, ƙarancin jini ko juna biyu kaɗai na iya ɗaga shi, don haka ba na dogara da shi a mura. Fararen ƙwayoyin jini a NFS, wato awon ƙirga ƙwayoyin jini, sukan tsaya daidai ko su ɗan ragu idan birus ne.

Batun sake awo: in jiki na sauƙi, ba shi da amfani, ki adana kuɗinki. Ki sha ruwa sosai, parasitamol don zafin jiki, ki rufe hanci da baki daga ƙura. Tarin na iya jan mako biyu zuwa uku.

Amma ki koma asibiti ba tare da jira ba idan numfashi ya yi wuya, ƙirji na suka, zafin jiki ya wuce kwana biyar, ko ya tafi ya dawo da ƙarfi. A nan ne sabon CRP ke da amfani, a gwada shi da 28 ɗin farko. Ciwon kai mai tsanani da ƙagewar wuya a wannan lokaci na sanƙarau kuwa, ko da tsakar dare ne a tafi. In kuma tari ya haura mako biyu da rama da gumin dare, awon kaki za a yi don neman tarin fuka.