Dalilin cinna wa dajin rairayin Fulorida wuta da gangan

Malam, ka tambaya me ya sa ake ƙona wannan daji na Amurka alhali ana kukan yana ƙarewa. Ai rashin wutar ma yana kashe shi. Asali tsawa ce ke tayar da gobarar. Gajerun itatuwan oak sai su ƙone ƙurmus, su sake tohowa daga saiwa.

In aka hana wuta shekaru da yawa, itatuwan su yi tsawo, ganyaye su rufe farin yashi, ƙananan tsirrai su rasa rana. Tsuntsun scrub-jay, wanda aka sa cikin jerin masu fuskantar barazanar ƙarewa a 1987, yana son itace mai tsawon mita 1 zuwa 2 da sararin yashi, inda yake binne dubban 'ya'yan oak kowace shekara. Daji ya rufe, shaho ya samu maɓoya, tsuntsu ya ƙaura.

Shi ya sa ake ƙonawa yanki-yanki, kusan duk bayan shekara 8 zuwa 15, ba gaba ɗaya ba. Inda ya yi duhu sosai, a fara sassabe tukuna, amma manyan injina na rusa ramukan kunkuru. Ainihin ɓarnar kuwa, a tudun Lake Wales da ke tsakiyar jihar Fulorida, gonakin lemo da gine-gine ne suka cinye mafi yawan dajin.