Man injin jirgin ruwa da awa ake lissafa shi, ba da kilomita ba

Toh ɗana na ga tambayarka, ka ce wani mai kwale-kwale ya tsare ka a bakin ruwa nan Yawuri yana so ka faɗa masa lita nawa injinsa zai sha zuwa kasuwa da dawowa, kai kuma ka tsaya kana sosa ƙeya, sannan ka haɗa da cewa ka ga irin jiragen nan na Turawa masu tafiya da iska da ake ɗaura wa ƙyalle a doguwar sanda, injin fetur ɗinsu yana can cikin jirgin ba a rataye a baya ba, wai ko lissafinsu ɗaya ne da namu. Lissafin ɗaya ne, lambobin ne kawai suke canzawa.

Da farko cire tunanin mota daga kanka. A ruwa ba a cewa lita kaza a kilomita kaza, awa ake ƙirgawa, saboda ruwan da kake kai shi ma tafiya yake yi. Inji bai san nisan gari ba, abin da ya sani kawai tsawon lokacin da ya yi yana juyawa da kuma yadda aka murɗa masa totur.

Ga ƙiyasin da za ka riƙe a ka. Injin fetur irin na mota, wanda baƙin mansa daban fetur daban, duk ƙarfin doki ɗaya (ma'aunin ƙarfin inji ke nan) da yake fitarwa yana shan kamar kashi ɗaya cikin uku na lita a awa. Irin namu na rataye da muke gauraya wa fetur da baƙin mai, su Yamaha 40 ɗin nan, sun fi zari, ka sa musu kusan rabin lita kan kowane doki, wato mai doki 40 in ka ƙure masa totur zai iya shanye lita 20 a awa ɗaya. Na gas kuwa shi ne mai tattali, wajen kashi ɗaya cikin biyar na lita.

Amma fa ka kula, nan ne yara da yawa kuke faɗawa rami. Lambar da aka rubuta a jikin murfin inji, 40 ko 75, iyakar ƙarfinsa ke nan, ba shi yake fitarwa kullum ba. Farfela tana da wani hali, in ka ninka gudun juyawarta ƙarfin da take nema ba ninkawa biyu yake ba, kusan sau takwas yake yi, to haka ma in ka sassauta. Ka rage juyin inji zuwa kashi uku cikin huɗu, ƙarfin da farfela take ja ya faɗo ƙasa da rabi, man ma ya koma kusan rabi, alhali gudun jirgin kaɗan ya ragu. Shi ya sa matuƙi biyu inji iri ɗaya hanya ɗaya, ɗaya ya dawo da saura a jarka ɗaya ya ƙare a tsakiyar ruwa yana ta jan igiya yana zargin makaniki.

Su waɗancan jiragen iskar da ka gani, akwai wani tsohon inji da ya yi suna a cikinsu a Amurka, Atomic 4 na kamfanin Universal, silinda 4 doki 30. A takarda in an ƙure shi lita 10 ne a awa, amma masu shi galan ɗaya suke lissafawa ko ma ƙasa, galan ɗin Amurka kuma lita 3.8 ne, domin a tafiyar yau da kullum doki 10 zuwa 12 kawai suke ja. Dalilin shi ne jirgin da yake zaune cikin ruwa yana ture shi yana da iyakar gudu gwargwadon tsawonsa, in ya kai nan duk totur ɗin da ka ƙara bayan jirgin ne zai ƙara nutsewa, igiyar ruwa ta ƙara girma, fetur ya tafi a banza. Manyan kwale-kwalenmu na katako in an loda musu buhunan shinkafa da babura wallahi haka suke, kamar jakin da aka labta wa kaya ne, bulala ba ta ƙara masa sauri.

Yanzu ɗauki biro. A ce jirgin mutumin yana yin kilomita 15 a awa a kwantaccen ruwa, Neja kuma tana gangarawa da kilomita 3, kasuwar tana sama kilomita 36. Hawa zai riƙa yin 12, awa 3 ke nan, dawowa 18, awa 2. In yana shan lita 10 a awa, zuwa 30 dawowa 20, jimla 50. Kar ka ce masa ya sayi 50. Ƙa'idar ruwa kashi uku ce, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa ɗaya ajiya, don haka jarka uku mai lita 25. Zai yi ƙorafin tsadar mai, ka bar shi ya yi, iska tana tashi a tafkin Kainji da damina, kainuwa da ragar masunta suna naɗe farfela, kuma jirgin da injinsa ya mutu da mutane a ciki ba wurin da zai faka.

Duk wannan ƙiyasi ne, gaskiyar tana wurin awo. Cika tanki har baki, duba agogon wayarka, a yi tafiya da irin lodin da aka saba da totur ɗin da aka saba, da an tsaya ka sake cikawa da mazubin da ka san litarsa, ka raba da lokacin. Lita 15 a awa ɗaya da rabi, 10 ke nan. Rubuta a littafi tare da ranar. Watarana in ka ga 10 ta zama 13 ba a ƙara kaya ba, to injin ne yake maka magana, ciro fulogi ka duba, in ya yi baƙi ƙirin da toka kabreta tana ba da mai fiye da kima, in fulogi lafiya lau shafa bakin farfela da yatsa ko ta daki kututture ta lanƙwashe, ko gansakuka ta kama ƙasan jirgin, ko ruwa ne ya taru ciki ba a kwashe ba.

In kuma Allah ya kawo maka aikin injin fetur na cikin jirgi, dan Allah kar ka taɓa makunni sai ka buɗe murfi ka sunkuya ka shinshina, tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasan jirgin yake kwanciya ba ya fita da kansa, su can fanka suke kunnawa minti 4 kafin su ta da inji. Gobe ka zo da littafin da mazubi, akwai 40 ɗin da muka gama wa kabreta, kai za ka auna shi.