Abin da ya hana Kante zuwa Katar

Malam, ka tambaya ko Deschamps, kocin Faransa a lokacin, shi ne ya ajiye N'Golo Kante a gasar kofin duniya ta 2022 da aka yi a Katar. A'a, rauni ne. Ya ji ciwo a bayan cinya a wasan Chelsea da Tottenham cikin Agustan 2022, aka yi masa tiyata, watanni bai taɓa ƙwallo ba.

Da kocin ya yanke ƙauna da shi, ai ba zai kira shi gasar Turai ta 2024 ba, alhali yana Al-Ittihad ta Saudiyya. A gidan kallo na ga wasan Faransa da Ostiriya. Wallahi duk inda ƙwallo ta faɗi sai ka gan shi, kuma shi aka ba gwarzon wasan.