Daga ina kalmar "lunatic" ta samo asali?

Wata ɗaliba mai koyon aikin jinya ta aiko da tambaya cewa ta ci karo da kalmar "lunatic" a wata tsohuwar takardar doka, tana so ta san ma'anarta da asalinta, da kuma ko ya halatta ta kira majinyaci da ita.

Malama, a Turanci kalmar tana nufin mahaukaci, amma tushenta Latin ne, inda ake kiran watan da ke sama "luna", shi kuwa wanda aka ɗauka wata ya taɓa shi ake ce masa "lunaticus". Ta shiga Turanci ta hanyar tsohon Faransanci wajen ƙarshen ƙarni na 13. Mutanen Turai na da sun yi imani cewa hankalin wasu mutane yana gushewa ya dawo gwargwadon cikar wata da raguwarsa, shi ya sa tun farko ba kowane mai larura ake kira da ita ba, sai wanda ciwonsa yake tashi yana lafawa, har da mai farfaɗiya. Lauyoyin Ingila sun riƙe wannan bambanci ƙarnuka da dama, suna raba wanda aka haifa da ƙarancin hankali da wanda ya yi hankali daga baya ya rasa shi, domin hukuncin dukiyarsu ba ɗaya ba ne. Mu ma idan muka ce "majanuni", wadda muka aro daga Larabci, ko muka ce mutum yana da iskoki, muna jingina ciwon ga wani abu da ya zo daga waje ne, sai dai su wata suka zarga, mu kuwa aljanu.

Dalilin da ya sa kika gan ta a takardar doka shi ne Turawan mulkin mallaka sun kawo ta Najeriya, sun buɗe gidan tsare masu wannan larura a Yaba da ke Legas a 1907, sannan suka yi dokar masu taɓin hankali ta 1916 wadda aka sabunta a 1958, kuma ba a maye gurbinta ba sai da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023. Ingila ta fara janye kalmar daga dokokinta tun 1930, Amurka kuwa ta cire ta daga dokokin tarayya a 2012.

A yau Bature yakan faɗe ta ne cikin fushi ko raha, misali ga direba mai tuƙin ganganci, kamar yadda za mu ce wane ya haukace. Saboda haka ban ga dacewar ki yi amfani da ita a asibiti ko a rahoto ba, domin kaifinta daidai yake da na "mahaukaci" ko "taɓaɓɓe". Ki ce mai larurar ƙwaƙwalwa ko mai taɓin hankali, idan kuma likita ya riga ya gano ciwon, ki ambace shi da sunansa.