Me ya sa esi ya fi shan wahala da damina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon gyaran esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, a Ƙofar Kaura, Katsina. A watan Afrilu zafi kan kai digiri 40, a Agusta kuwa bai cika wuce 30 ba, amma a Agustan ne tiyo ke ta zubar da ruwa, ɗaki kuma ya ƙi yin daɗi da wuri. Ina dalili? Kuma me ya sa littafi ke ba iska lamba biyu, cp da cv?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari mu fara da ta biyun. Idan ka kulle kilo ɗaya na busasshiyar iska a tukunyar ƙarfe, kilojul 0.718 zai ɗaga zafinta da digiri ɗaya (da kilojul ake auna makamashi). Shi ne cv. Idan kuwa tana da sararin buɗewa, sai ta ci kilojul 1.005, wato cp. Rarar 0.287 ɗin ta tafi ne wajen ture iskar da ke kewaye da ita. Ɗaki ba rufaffiyar tukunya ba ne, don haka da cp za ka yi lissafi. Wanda ya ɗauki cv zai sami gibin kusan kashi 30 cikin ɗari.

To, batun damina. Ma'aunin zafi rabin labari yake bayarwa, domin ba ya ganin zafin da ke ɓoye cikin tururin ruwa. Abin da ke haɗa su duka shi ake kira entalfi. Ga kowane kilo na iska, ka ninka digiri da 1.005, sannan ka ƙara kimanin kilojul 2.55 a kan kowane giram na tururi.

Mu ɗauka iskar Afrilu digiri 40 ce, da tururi giram 5: 40 na digiri da 13 na tururi, kilojul 53 ke nan. Ta Agusta digiri 30, da giram 20: 30 da 51, ya zama 81. Ka ga wadda ake cewa mai sanyi ta fi nauyin kaya nesa ba kusa ba. Dole esi ya mai da tururin nan ruwa, kuma kowace lita da ta ɗiga daga tiyo ta cinye masa kusan kilojul 2,500. Randa ma wannan lissafin take bi, sai dai a juye: da bazara ruwa na tsattsafowa ya bushe ya tafi da zafi, da damina kuwa iska ta ƙoshi, sai ruwan ya ƙi sanyi.

A wurin aiki, kafin ka ce gas ya ƙare, duba ƙasan ƙofa da gefen taga, domin ta nan danshi ke shigowa. Wanke ragar tace ƙura, ka tabbata tiyo ya gangara bai toshe ba. Kuma kada ka sa wa ƙaramin ɗaki babban esi: zai sauke digiri ya tsaya tun bai tsotse danshi ba, ɗakin ya yi sanyi amma jiki na danƙo.